Gwaggo Ba Ta Karɓar Sadaka a Bakin Ƙofa

Ni ne na karya hannun Gwaggo. Duk wanda ya yi wayo a Illo a wancan lokacin ya san haka, amma ban taɓa faɗa da bakina a gaban mutane ba sai yanzu da take cikin ƙasa. A yini ɗaya na karya hannun ƙanwar mahaifina, na fasa kan wani tsoho da bai yi mini komai ba. Da Allah zai ba bawa ikon goge rana guda daga cikin kwanakinsa, wannan zan goge, in haɗa da shekara bakwai da suka biyo bayanta, domin abin da na yi a cikinsu ya fi na ranar muni.

Ranar Talata ta rasu, da hantsi, tana zaune a kan tabarma tana tsince wake. Kafin azahar unguwar bayan masallaci ta cika. Mutane sun zo daga Geza da Kurgu da cikin Bagudo, wasu a mashin, wasu a bayan motar kaya. Masunta sun tsallako daga ɓangaren Benin cikin kwalekwale, ba su ko tsaya sauya rigunan aiki ba. Matan Fulani da suka ɗauko nono don kasuwa suka sauke ƙorensu a gindin durumi, suka zauna, ba wadda ta sayar da ko ludayi ɗaya.

Matata na cikin waɗanda suka yi mata wanka. Da suka fito, na ji ɗaya daga cikinsu tana gaya wa wata, "Hannun dama ya ƙi miƙewa, sai da munka yi dabara kahin shi kwanta cikin likkahwani." Ta ɗaga ido ta gan ni tsaye, ta ja mayafinta ta rufe baki.

A cikin tsofaffin gidan akwai wani makaho, masunci ne a da, Badande daga ƙetaren iyaka. Shi da Gwaggo kullum cikin cacar baki suke, ita tana ce masa mai ƙarni, shi yana ce mata gwamna. Ranar ya ƙi ci, ya ƙi sha. Ya riƙe ƙafar makara ya ce ba mai fita da ita sai an tafi da shi. Aka goya shi har maƙabarta. A hanya yana ta faɗin abu ɗaya, "To yanzu wa ka zagina? Ku gaya mani, wa ka zagina da sahe?"

Wani ɗan kasuwa da ya bar uwarsa a gidan shekara huɗu ba tare da ya leƙo ba, na gan shi ya jingina da motarsa yana kuka da sauti kamar mace. Liman ya sallaci gawa. Da aka isa bakin kabari, ya waiwayo ya ce, "Ina ɗan wanta? Shi ya fi kusa, shi sauka." Mutane suka dare. Na sauka. Aka miƙo mini ita, ba nauyi, kamar damin kara. Da na juya ta ga alƙibla, tafina ya sauka daidai inda ƙashin ya warke a karkace. Na ji shi ta cikin likkafani.

Wanda bai san gidan ba, bari in gaya masa yadda yake.

Mijin Gwaggo shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu, ya bar mata gida mai ɗakuna uku a bayan masallaci, 'yan'uwa muka ce ta dawo cikinmu, ta ƙi. Wata ranar kasuwa ta ga wata tsohuwa kwance a rumfar masu albasa, 'ya'yanta sun tafi neman abinci can bakin teku sun yi shiru, ɗakinta ya rushe da damina. Gwaggo ta kamo hannunta ta kawo ta gida. Bayan wata biyu aka kawo mata wani tsoho da ƙafarsa ta ruɓe. Daga nan abin ya ci gaba. Wani lokaci su tara ne, wani lokaci su goma sha biyu, maza a sashen zaure, mata a ciki.

Da fari garin bai so ba. A wurinmu tsoho a gaban 'ya'yansa yake ƙarasa kwanansa, saboda haka kowane tsoho da ya shiga gidan Gwaggo tonon asiri ne ga wani gida. An yi ta magana. Liman na lokacin ya hau mumbari ya ce wanda ya ji kunya ya zo ya ɗauki nasa, wanda bai ɗauka ba ya kawo hatsi. Aka fara kai wa gidan wani kaso na zakkar gona. Masunta na kawo kifi, Fulani na kawo nono, wanzami na zuwa ranar Juma'a ya aske su ba ya karɓar komai, wata ma'aikaciyar asibiti na biyowa ta auna musu jini in ta tashi aiki.

Gwaggo ba ta barin kowa ya kwanta ya jira mutuwa. Mai sauran ƙarfin hannu yana tufka igiya. Mata suna ɓarar gyaɗa, suna kaɗi. Makahon masunci yana ɗinkin taru da lalube, masu idanu suna kawo masa nasu. Ko wanda ba ya iya tashi, sai ta sa masa tasbaha a hannu ta ce, "Kai aikinka ka roƙa muna ruwa. In damina ta yi gardama kai za a tuhuma." Duk mai iya taka ƙasa sai ya taka zuwa masallaci, ko da zai iske an sallame. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, Liman ya zo ya karanta musu abin da ya sauwaƙa, su yi ta musu da shi a kan abin da ba su ji daidai ba.

Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta taɓa sassauta wa kowa ba. Ba a ajiye mata sadaka a bakin ƙofa. Wanda ya kawo abu, ko dami ne ko kaza, sai ya shigo ya wanke hannu ya zauna ya ci a akushi ɗaya da tsofaffin. In ya ce sauri yake yi, ta ce ya koma da kayansa ya dawo ranar da ba ya sauri. Wani mai neman kujera ya taɓa aiko buhunan shinkafa a mota da mai ɗaukar hoto. Ta leƙa ta ce, "Ina shi mai kayan?" Aka ce yana Birni. Ta ce, "To ku kai mashi abinai. Waɗanga mutane ba awaki ba ne da za a jeho ma dussa ta kan katanga." Kuma abin da ya shiga rumbunta, ba ta faɗin wanda ya kawo. Ko ka tambaya sai ta ce, "Wanda ya kawo ya ci tuwonai ya tahi."

A cikin tsofaffin akwai Baffa. Haka kowa ke kiransa, har Gwaggo. Bafulatani ne, ya yi kiwo a dajin nan tun kafin a haife ni, daga nan zuwa ƙetare ya dawo. 'Ya'yansa maza biyu sun riga shi, 'yarsa tana aure a nesa, gwiwoyinsa suka daina bin shanu. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Abokin faɗansa shi ne makahon masunci. Masunci ya ce, "Baffa, yau ma kihi ne a miya, sai ka toshe hanci." Baffa ya ce, "Na gode Allah da ya rufe maka ido, ba ka ganin abin da kake ci." Na san shi tun ina saurayi, na san shanunsa, na san shaidar da yake yi musu a kunne: tsaga biyu a na dama, a yanke kan na hagu. Mu manoman fadama muna haddace irin wannan, don in an yi ɓarna mu san ƙofar da za mu buga.

Shekarar da abin ya faru, shinkafata ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Saura kwana kaɗan mu sa lauje. Da safe ƙanena ya tafi dubawa, ya iske garke a tsakiyarta. Ya yi ihu. Makiyayan biyu ne, baƙi. Ɗaya ya sauke masa sanda a wuya, ɗayan ya sare shi da adda a kafaɗa, suka kora shanunsu suka nufi iyaka. A amalanke aka kawo shi, jini na ɗiga ta tsakanin katako. Na kira sunansa bai amsa ba. Na ɗauka ya mutu.

Ban bi shi asibiti ba. Na ɗauki adda da gora na nufi fadama, mutane na biye da ni. Gonar ta zama tattaka, ba abin da ya tsaya. A gefe, cikin laka, saniya ɗaya ta maƙale, sun gudu sun bar ta. Na kama kunnenta. Tsaga biyu a na dama, an yanke kan na hagu.

Na sare mata agara. Ta yi wani kuka da har yau nake ji. Na ci gaba da sara, a wuya, a baya, a fuska, har hannuna ya gaji. Wani dattijo ya ce a yanka ta ko a sami nama, na ɗaga masa addar ya ja da baya. Haka ta mutu mushe.

Daga nan muka nufi rugar da ke kusa da mu. Mutanen da muka yi shekaru muna shan nononsu, suna kwantar da shanunsu a gonakinmu da rani muna samun taki. Mazan sun fita kiwo. Matan suka kwashi goyo suka faɗa daji. Muka farfasa ƙore, muka kashe maruƙan da ke ɗaure a turke. Ni na kyasta ashana na sa wa bukka ta farko. Da wuta ta kama, ban ji sanyi a raina ba ko kaɗan. Na juya na ce, "Shaidar Baffa na gidan Gwaggo ce. Shanunai ne, shi ya san waɗanda ya ba kiwo." Da suka ji inda na nufa, yawancinsu suka zame. Mutum biyar suka bi ni, su ma a bakin masallaci suka tsaya.

An idar da azahar, tsofaffi sun zauna cin abinci. Gwaggo ta tare ni a ƙofar zaure, muciya a hannunta. Ta dubi rigata, ta dubi gorar.

"Jinin wa a wanga?"

"Gwaggo, kauce. Hiddo mani Baffa."

"Shina cin tuwo. In ka wanke hannu kana iya zamnawa."

"An kashe mani ƙane, kina mani zancen tuwo? Kauce na ce!"

"Ni ka ce ma kauce? Sadda uwarka ta kwanta ciwo wa ya goye ka? Hitsarinka ya jiƙa mani zane ya fi a ƙirga. Aje iccen nan ka gaya mani abin da ya faru."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ƙyauren ƙofa na nufa, don in tsorata ta. Ƙarya ne. Ita na nufa. Ta ɗaga hannun dama ta tare, na ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Muciya ta faɗi. Ba ta yi ihu ba, ta yi salati, ta sulale ta zauna a bakin ƙofa. Na tsallake ƙafafunta na shiga.

Su huɗu ne a kan akushi. Baffa ya ɗago kai, loma a hannunsa. Ya gane ni, ya buɗe baki zai gaishe ni. Na sauke masa gora a gefen kai. Ya kife a kan akushin, jini ya gangara cikin miya. Na ɗaga zan ƙara, sai makahon masunci ya rarrafo da lalube ya rungume ƙafata, ya kafa mini sauran haƙoransa a ƙwauri, yana kururuwa da yarensu. Na yi ta harbinsa da ɗaya ƙafar bai saki ba. Tsofaffin mata suka fito suna jifana da ƙwarya da murhu da duk abin da hannunsu ya kai. Liman da mutanen masallaci suka shigo suka danne ni a ƙasa. Ina kwance, kumatuna a kan turɓaya, na ga Gwaggo ta ja jiki ta iso wurin Baffa. Ta kwance kallabinta, ta ɗaure masa kai da hannun hagu da haƙora, na daman yana reto.

Ƙanena bai mutu ba. Ya yi wata guda a asibiti ya fito da tabo.

An tafi da ni Bagudo an rufe ni. Kwana na uku Liman ya zo. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Ka san kwanon da ke saman ɗakunan tsofaffi?" Na ce na sani, da ni aka ɗauko shi daga tasha. Ya ce, "Ka taɓa tambayar daga ina ya hito?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce ranar da Baffa ya zo gidan, shanu uku suka rage masa a duniya. Ya iske ɗakunan na yoyo, tsofaffi na kwana a tsaye in ana ruwa. Ya ba Liman shanun ya ce a sayar a rufe ɗakunan, kuma kada a faɗa. An sayar da su a kasuwa, sun bi hannu sun bi hannu har suka faɗa garken baƙin da ba wanda ya san su a nan. Saniyar da na sassare a laka, sadakar Baffa ce. Shekara shida rabonsa da ya mallaki ko akuya.

Gwaggo ta zo da kanta, maɗori ya ɗaure mata hannu da karare. Ta gaya wa hukuma ita ba ta ƙara, ɗan wanta ne. Aka aika a tambayi Baffa a gadon asibiti. Ya ce shi ma ba ya ƙara. Amma bai ce ya yafe ba. Abin da ya ce shi ne, "In ya zo, mu yi magana."

Mutanen rugar suka tashi suka tsallaka iyaka. A ranin nan an ƙone rumbuna biyu a unguwarmu, ba nawa a ciki. An tare wani maƙwabcina a hanyar gona an sare masa yatsu uku, mutumin da ranar ma ba ya gari. Nono ya daina zuwa gidan tsofaffi. Gwaggo ta hau bayan mashin da hannunta a rataye, ta bi ruga ruga tana zama a tabarmarsu tana ba su haƙuri a kan abin da ba ita ta yi ba. Sai da aka yi wata biyar kafin ƙwarya ta farko ta dawo. Hannun ya warke a lanƙwashe. Ta koyi tuƙa tuwo da hagu, amma ci da dama take yi, sai ta sunkuyar da kai har kusa da akushi don hannun ba ya kaiwa baki.

Da kaka ta zagayo na fitar da zakkata, na ƙara da dami masu yawa a kai, na ɗora wa jakuna na ba ƙanena ya kai. Na ji daɗin kaina. Kafin la'asar sai ga jakunan sun dawo da kayansu, ta tsakiyar kasuwa, kowa na kallo. Ƙanena ya ce, "Ta ce mai kayan shi zo shi ci tuwo."

Shekara ta biyu na haɗa da rago. Ya dawo. Ta uku na ba wani ya kai da sunansa. Ta tambaye shi a wace gona aka yanke wannan shinkafa, ya kasa yi mata ƙarya. Ta dawo.

A shekara ta huɗu na ɗauki buhu a ka na je da kaina, na jefar da shi a bakin zauren. Ta fito.

"Gwaggo, mi kike so da ni? Haƙƙin Allah ne na kawo. Wa ya ba ki ikon maida zakka?"

"Matalauta sun cika gari, kai musu, ta karɓu. Nan kuwa ka san yadda a ka yi."

"Kina son ki wulakanta ni gaban mutane."

"Ni? Ga ruwa can a buta. Taki goma ne daga inda kake zuwa tabarma. Ranar da ka zo da gora ba ka ga nisansu ba."

Ina tsaye ina huci, sai na ji murya daga ciki, a hankali. "Shi ne? A ce ya shigo mana." Muryar Baffa ce. Na gane ta sarai. Na tuna yadda ya kife a kan akushi, na ga ba zan iya sa hannu a kwano ɗaya da shi yana kallona ba. Na juya na tafi, na bar buhun. Da magariba aka kawo mini shi gida.

Sau biyu bayan haka Baffa ya aiko Liman. Saƙon bai canza ba: in zo, yana da magana da ni. Na farko na ce ina da baƙi. Na biyu na ce sai an gama girbi. A raina ina cewa ai na yi nadama, Allah ya gani, ina azumin nafila, ina ba makafin kasuwa, me ya rage? Gaskiyar ita ce na fi son in ba da rabin rumbuna da in zauna in ji abin da tsohon nan zai ce mini.

A shekara ta bakwai ƙanena ya rasu da ciwon ciki. Gwaggo ta zo zaman makoki. Da za ta tafi ta sa aka kira ni soro. Ta ce, "Mi kake jira? Baffa ya fara kiran kaji da sunayen shanu." Ko da na ji haka, sai da na ƙara wata biyu.

Ranar Juma'a na je, bayan an sauko. Ban ɗauki komai ba. Na yi sallama, Gwaggo ta dube ni, ta nuna mini buta da haɓa. Na wanke hannu na zauna. Makahon masunci ya ji muryata ya ce, "A'a, mai gora ne? Ku matsa mani kusa da ƙahwatai, haƙori guda ya rage mani amma shina aiki." Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Baffa na gefena. Ya rame ƙwarai. Wanzami ya aske shi da safe, gurbin yana nan a gefen kansa, ya lotsa, babban yatsa zai zauna a ciki. Ya dube ni ya yi murmushi. Ya tura mini tsokar kifin da ke gabansa, ya ce, "Ci, ɗana. Daga nesa kake? Ba ka ga wata farar saniya a hanya ba, mai tsaga a kunne?"

Na ce, "Baffa, ni ne. Ɗan wan Gwaggo. Ka aika in zo, ka ce kana da magana da ni."

Ya ce, "Ni? To, madalla. Ka zo lafiya?"

Na kama hannunsa na ɗora a kan gurbin. Na ce, "Wanga ciwo, ni na yi maka shi. Ni na buge ka da gora kana cin abinci. Na zo ka yahe mani don Allah."

Ya shafa wurin a hankali, kamar yau ya fara jin sa. Ya ƙura mini ido ya daɗe. Sannan ya girgiza kai yana dariya. "Kai? A'a, ba kai ba ne. Wancan mugun mutum ne, ba ya zuwa nan. Kai ga ka kana cin tuwo da mu. Ci, kada ya huce."

Na faɗa masa sau uku. Sau uku yana ba ni amsa ɗaya. A na ƙarshe ya fara damuwa, yana waige-waige, yana tambaya ko mugun ya dawo ne. Gwaggo ta ce, "Ƙyale shi haka nan. Kana tsorata shi."

Na same ta a madafa, na durƙusa. Ta bar ni na yi kukana har na gaji, tana kankare tukunya. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Hannuna na yahe tun kahin a ɗaure shi. Da ban yahe ba da ban tahi Bagudo ba." Na ce to ta yafe mini a madadin Baffa, tunda a hannunta yake. Ta aje abin da take yi ta dube ni. "Kan Baffa ba nawa ba ne. Shekara biyar yana da hankalinai garau, kullum Juma'a shina sa a aje maka wuri a tabarma. Ni ban san abin da ya so gaya maka ba. Na tambaye shi, ya ce naku ne ku biyu."

Baffa ya rasu da daminar da ta biyo. Ni na haƙa kabarinsa. Daga ranar da na fara zama ban sake fashin Juma'a ba, shekara takwas ke nan, kuma kayana sun daina dawowa. Gwaggo ba ta sake tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. In na zo ta ce in duba mata rumbu ko gara ta shiga, in na gama ta ce na yi ƙiba, matata na ɓata ni. Da ƙarfinta ya ƙare ta koma zama a tabarma tana ba da umarni, matan unguwa suna karɓa-karɓa a madafa, dokar kuwa tana nan yadda take. Allah ya sa ta iske abin da ta ciyar yana jiran ta, ya yalwata mata makwanci, ya haɗa ta da tsofaffinta a inda ba yoyo ba ciwo.

Na tambayi Liman ko yafewar wanda hankalinsa ya gushe tana ɗauke haƙƙi. Ya ce in yawaita yi masa addu'a da sadaka, sauran yana wurin Allah. Ina yi. Amma har gobe ban san ko Baffa ya kira ni ne ya yafe mini, ko ya kira ni ne ya gaya mini abin da na cancanci ji. Ko wanne ne, nawa ne, ya ajiye mini shi shekara biyar, na ƙi zuwa in karɓa.

Ku da za ku karanta wannan, 'ya'yanmu na gida da waɗanda ke birane, ina roƙonku abu biyu. In jininku ya hau, kada ku yanke wa mutum hukunci da abin da kuka gani a kunnen saniya. In kuma kun riga kun yi ɓarnar, wanda kuka zalunta ya aiko ku zo, ku tashi a ranar. Kada ku ce sai an gama girbi, kada ku aika buhu ya tsaya muku. Ku je da ƙafarku tun yana gane fuskarku.